Haɗa Harsashi da Hannu Domin Bindiga Guda: Misali Daga Lee-Enfield Lamba 4

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata sana'a da ta yi ƙarfi a ƙasashen Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu, watau haɗa harsashi da hannu. A waɗannan ƙasashe akwai maharba masu yawa, na farauta da na gasa, waɗanda ba su dogara ga harsashin da masana'anta ke zubawa a kwali ba. Sukan tsince kwanson da suka harba, su gyara shi, su sa masa sabuwar hula, su auna albarushi su ɗura, sa'an nan su ɗora ƙwaya. Wasunsu neman rangwamen kuɗi ne ya sa su. Amma waɗanda wannan bayani ya shafa su ne masu neman harsashin da zai dace da wata bindiga guda tak, ta yadda in an harba sau goma a allo, hudojin za su taru wuri ɗaya. Dalilin wahalar da suke sha kuwa shi ne ba a taɓa samun bindigogi biyu da suka zama daidai wa daida ba, ko da maƙera ɗaya ce ta fitar da su a rana ɗaya.

Yana da kyau tun daga farko a san matsayin doka. A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa bindiga da harsashi sai a wuraren da hukuma ta keɓe, kuma tun 1964 akwai masana'antar gwamnati a Kaduna da ke yi wa sojoji wannan aiki. Saboda haka abin da za a bayyana sana'ar wasu ƙasashe ce inda doka ta yarda da ita. Duk da haka tushenta ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin mafarauci yana ɗura adaka, domin shi ma kowane harbi da hannunsa yake haɗa shi, ya kuma san iyakar albarushin da bindigarsa ke ɗauka, wanda in ya wuce shi to ya sayi rai da kuɗinsa.

Kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage galibinsu aro ne daga Larabci, abin da ke nuna hanyar da makamin ya biyo. "Bindiga" daga "bunduƙiyya" take, "albarushi" daga "albarud", shi kuwa "harsashi" daga "rasas", wanda asalin ma'anarsa dalma. Watau a da can ƙwayar dalmar kaɗai ake kira harsashi. Da aka zo zamanin da ake haɗa kome a jiki guda, sai sunan ya game duka. A nan za a riƙa cewa "harsashi" ga haɗaɗɗen, a ce "ƙwaya" ga abin da ke fita ta bakin bindiga, a ce "kwanso" ga gidan tagullar da ke riƙe da albarushi, a ce "hula" ga ɗan abin nan na gindin kwanso wanda allurar bindiga ke sara ya ba da wuta. Nauyin ƙwaya da na albarushi kuwa da giren ake auna su. Giren asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ne. 7,000 ke yin fam ɗaya, kimanin 15 da rabi ke yin giram ɗaya.

Yadda Sana'ar Ta Samu

Abin da ya sa sake ɗura kwanso ya yiwu shi ne hula. A shekarar 1866 mutum biyu suka fito da irin tasu, Kanar Edward Boxer a Ingila da Hiram Berdan a Amurka. Hular Boxer tana tafe da 'yar maƙerarta a ciki, kwansonta kuma huda ɗaya gare shi a tsakiya, don haka da tsinken ƙarfe ake tunkuɗo tsohuwar hula a sa sabuwa. Ta Berdan kuwa maƙerar a jikin kwanso take, da ƙananan hudoji biyu a gefe, cire ta sai an yi da gaske. Abin mamaki, sai Amurkawa suka rungumi ta Baturen Ingila, Turawan Turai kuma suka rungumi ta Ba'amurken. Wannan musanya na cikin dalilan da suka sa sana'ar ta fi kafuwa a Amurka. Maharban ɓaunar Amurka na shekarun 1870 a zango suke narka dalma su sake ɗura kwansonsu da dare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa ƙwarai: a 1947 wani mutum mai suna Bruce Hodgdon ya sayi fam 50,000 na ragowar albarushin soja daga gwamnatin Amurka yana sayarwa kaɗan-kaɗan, a shekarar kuma aka kafa kamfanin ƙwaya na Sierra, na Hornady ya biyo baya a 1949.

Bindigar da Aka Zaɓa

An zaɓi Lee-Enfield Lamba 4 ne saboda dalili biyu. Na farko, sananniya ce a Afirka ta Yamma, domin Lee-Enfield ce sojojin Nijeriya da na Gwalkwas suka riƙa a yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945, 'yan sanda kuma sun daɗe suna rataye da ita bayan samun mulkin kai. Na biyu, da wuya a sami bindigar da ta fi ta nuna bambancin da ke tsakanin wannan da waccan.

Tarihinta a taƙaice shi ne, a 1888 Ingila ta karɓi bindigar Lee-Metford da harsashinta mai lamba .303, wanda da farko baƙin albarushi ake ɗura masa. A 1891 aka koma ga kodayit, wani albarushi marar hayaƙi mai kamar tsinkayen taliya. Kodayit yana da zafi ƙwarai, ya riƙa cinye cikin bututun Metford, sai a 1895 aka sake zanen cikin bututu a masana'antar Enfield, aka sami Lee-Enfield. A 1910 aka fito da harsashi samfuri na 7, mai ƙwaya mai tsini ta giren 174, wadda ke barin bakin bindiga da saurin kimanin ƙafa 2,440 a daƙiƙa. Da wannan harsashi aka yi yaƙin duniya biyu, kuma a kansa aka tsara masaitin bindigar. Ita Lamba 4 a 1941 aka amince da ita, aka riƙa ƙera ta cikin gaggawa a Fazakerley da Maltby da Shirley a Ingila, da Long Branch a Kanada, da kamfanin Savage a Amurka. Da Ingila ta sake harsashi a shekarun 1950, sai aka zubar da miliyoyinta a kasuwa da araha, ta zama bindigar manomi da mafarauci a Kanada da Ostareliya. Dakarun sa-kai masu tsaron arewacin Kanada sun riƙe ta tun 1947 har 2018 da aka fara maye gurbinta.

Su kansu hukumomin sojan Ingila sun san bindigogin ba ɗaya suke ba. A lokacin yaƙi, duk wadda ta fi 'yan'uwanta kyau a gwajin masana'anta akan ware ta, kuma daga 1942 kamfanin Holland & Holland na Landan ne ke gyara irin waɗannan domin gwanayen harbi daga nesa. Tsari ɗaya, harsashi ɗaya, amma sai an tsinta.

Cikin Bututu

Farkon abin da mai haɗa harsashi zai bincika shi ne faɗin cikin bututu. Cikin bututun irin wannan bindiga ba sumul yake ba. An yi masa zane mai murɗe, tudu da kwari, domin ƙwaya ta fita tana juyawa kamar katantanwa, juyawar ce kuma ke hana ta wuntsilawa a iska. A Lee-Enfield zanen yana kammala zagaye ɗaya a kowane inci 10, yana murɗawa hagu. In aka yi lissafi da saurin da aka ambata, ƙwayar tana juyawa wajen sau 175,000 a minti. Ƙwayar da ke irin wannan juyi, in ta shiga bututu a karkace ko da kaɗan, haka za ta fita tana tangaɗi.

Lambar .303 faɗi ne daga tudu zuwa tudu. Daga kwari zuwa kwari kuwa, wanda shi ne ƙwaya za ta cike, ya kamata a sami .311 ko .312 na inci. Amma bututun zamanin yaƙi akan sami mai .313, da mai .314, har da wanda ya haura haka. Bugu da ƙari, asalin tsarin kwari biyar ne, amma don a rage lokacin aiki an yi da yawa masu kwari biyu kawai. Hanyar sanin gaskiya ita ce a tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututu daga wannan kai zuwa wancan, a auna shi da ma'aunin kauri. Ko nan ma akwai tarko, domin a bututu mai kwari biyar kowane kwari tudu yake fuskanta, saboda haka ma'auni na yau da kullum ba ya ba da lamba ta gaskiya sai an yi wata dabara.

Ƙwayoyin da ke kasuwa ba su da yawa. Sierra na yin masu .311, Hornady na yin masu .312. Bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu na inci, bai kai kaurin gashin kai ba, amma akwai bindigar da ke tara ɗaya ta watsa ɗayar. Wanda bututunsa ya yi faɗi sosai yakan koma zuba ƙwayar dalma da kansa, ya yi ta daidai da awonsa. Akwai kuma batun gindin ƙwaya. Ƙwayoyin zamani na harbin nesa gindinsu a tsuke yake kamar bayan kwalekwale, don su ratsa iska da sauƙi, kuma a sabon bututu babu kamarsu. Sai dai bindigar da ta sha kodayit maƙogwaronta, watau farkon zanen inda ƙwaya ke fara kamawa, ya riga ya zaizaye. A irin wannan sau da yawa ƙwaya mai tsukakken gindi takan isa allo a kwance, ta bar huda mai tsawo maimakon mai da'ira. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ita ke yin kyau, saboda jikinta da ke shafar bututu ya fi tsawo, kuma bugun wuta yakan ɗan buɗa gindin ya toshe kwarin. Ƙwayar samfuri na 7 haka take, har ma dalmar gindinta a buɗe take. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi ƙwayar gasa mai tsada, bindigarsa ta ƙi ta, ta karɓi mai araha, wannan abu ne da aka saba gani.

Mazaunin Harsashi da Kwanso

A nan ne Lee-Enfield ta fi ba mutane wuya. Kwanson .303 yana da leɓe a gindi, leɓen nan ne ke tsai da shi in an tura shi cikin mazauninsa. Tun da leɓe ke yin wannan aiki, masu tsara bindigar ba su damu da gaban mazaunin ya matse kwanso ba, sai ma suka bar shi da yalwa da gangan, don harsashi ya shiga ko da laka ko ƙura. Soja ba ya tsintar kwanso, sau ɗaya za a harba a yar. Ratar da ke tsakanin fuskar sakata da bakin mazauni an yarda ta kama daga .064 zuwa .074 na inci, kuma an yi kawunan sakata iri huɗu, masu lamba 0 zuwa 3, don maƙerin soja ya musanya in ratar ta yi yawa. Daɗin daɗawa, haƙoran da ke kulle sakatar a baya suke, don haka lokacin harbi sakatar takan ɗan lotsa ta dawo.

Abin da ke faruwa da kwanso shi ne wannan. Allura ta sare shi ta tura shi gaba. Wuta ta tashi, gabansa mai sirara ya kumbura ya manne da bango. Gindinsa mai kauri kuwa ba ya mannewa, sai ya ja da baya har ya tokari sakata. Tagullar da ke tsakani ita ke miƙewa, ta sirance a wani layi da ke sama da leɓe kaɗan. In mai haɗa harsashi ya bi hanyar da aka saba, watau ya cusa kwanson gaba ɗaya cikin kuben ƙarfe ya mai da shi girmansa na asali, to harbi na gaba zai sake miƙe shi a wuri guda. Sau uku ko huɗu, sai gindin ya cire, ragowar ta maƙale a ciki, iska mai zafi ta fetso baya wajen fuska. Shi ya sa maharbi mai hankali ba ya harbi babu tabarau.

Maganin da aka gano shi ne a bar kwanso da siffar da bindigar ta ba shi. Bayan harbin farko ya riga ya ɗauki kamannin mazaunin, kafaɗarsa ta matsa gaba ta zauna daram. Sai a matse wuyansa kaɗai don ya riƙe sabuwar ƙwaya. Daga nan kafaɗa ke tsai da shi, miƙewar ta ragu, ƙwaya kuma ta fi fuskantar tsakiyar bututu. Amma fa wannan kwanso ya zama na bindigar nan ita kaɗai. Wanda ke da Lee-Enfield biyu tilas ya ware wa kowace nata akwati. Wasu sukan sa ɗan zoben roba a gaban leɓe a harbin farko, don ya riƙe gindin a jikin sakata tun kafin wuta ta tashi. Kafin kowace sabuwar ɗura kuma akan lanƙwasa bakin 'yar waya a shafa cikin kwanso. In ta ji kwarmi kusa da gindi, sai a murƙushe shi a yar. Tsohon kwanson sojan Ingila ba shi da amfani a wannan aiki, domin hular Berdan gare shi, mai sinadarin da ke sa tagulla ta yi gautsi, mai kuma barin gishirin da ke sa bututu tsatsa in ba a wanke da tafasasshen ruwa ba. Akan nemi na kasuwa, irin na kamfanin Prvi Partizan na ƙasar Sabiya.

Albarushi da Haɗarinsa

Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884, ci yake yi da sauri ƙwarai ya zama iska, iskar ta tunkuɗa ƙwaya. Saurin cinsa ya danganta da girman tsabarsa da siffarta da abin da aka shafe ta da shi. Akwai iri fiye da ɗari, daga mai saurin gaske na ƙaramar bindigar hannu zuwa mai jinkiri na manyan kwanso. Harsashin .303 matsakaici yake so, irin su IMR 4895 da Varget da N140 na ƙasar Finlan.

Ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade ƙarfin matsin wannan harsashi a kan fam 49,000 a kowane murabba'in inci. Tayar ƙaramar mota kimanin fam 30 take ɗauka. Watau abin da ke faruwa inci kaɗan daga idon maharbi ya ninka na taya fiye da sau 1,600. Kamfanonin albarushi da na ƙwaya suna da na'urorin auna wannan matsi, suna kuma buga littattafai masu nuna mafi ƙarancin awo da mafi yawansa ga kowane albarushi da kowace ƙwaya. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce a fara daga ƙasa, wajen kashi 10 cikin 100 ƙasa da iyaka, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada kuma a ƙetare iyakar. Matsi ba ya hawa daidai da awo. Kusa da iyaka ƙari kaɗan yakan haifar da tashi mai yawa.

Akwai wata al'ada tsakanin masu sana'ar ta duban alamu: hula ta baje, sakata ta yi taurin buɗewa, gindin kwanso ya yi sheƙi. Sukan ce muddin ba a ga waɗannan ba, ana cikin aminci. Ga Lee-Enfield wannan magana yaudara ce, domin galibin alamun ba sa bayyana sai matsi ya kai inda bindigogin zamani ke aiki, wanda ya riga ya zarce abin da aka tsara ta ta ɗauka. Bindiga ce mai shekara 80 da ɗoriya. Haɗarin da ya fi kowanne muni kuwa shi ne a rikita gwangwani, a ɗura albarushin bindigar hannu a kwanson babba. Wannan ba ya ba da gargaɗi, fasa bindigar yake yi, ya tafi da yatsu ko ido. Don haka tsofaffin hannu ba sa ajiye gwangwani fiye da ɗaya a kan tebur.

Rawar Bututu

To, in awo da yawa duk suna cikin aminci, me ya sa wani ke tara harbi wani yana watsawa? Amsar da aka daɗe ana bayarwa ita ce bututu rawa yake yi. Daga tashin wuta zuwa fitar ƙwaya bai fi kashi ɗaya da 'yan kai cikin dubu na daƙiƙa ba, amma a ɗan wannan lokaci bututun yana karkarwa kamar bulala, bakinsa yana hawa yana sauka. Inda bakin yake fuskanta lokacin da ƙwaya ta fita, can za ta nufa. Sauya awon albarushi yana sauya lokacin fitar.

A Lee-Enfield wannan rawa ta fito fili, saboda bututunta siriri ne, sakatarta kuma a baya take kulle. Maharban filin Bisley, inda ƙungiyar harbi ta Ingila ta koma daga Wimbledon a 1890, sun daɗe da lura da wani abu: bindigar da ba ta taka kara ta karya ba a yadi 300 sai ta yi fice a yadi 900 da 1,000. Bayanin shi ne, in ƙwaya tana fita lokacin da bakin bututu ke hawa, to mai jinkiri za ta tarar ya ƙara ɗagawa, ta tashi sama kaɗan fiye da mai sauri, sai wannan ya rama faɗuwar da jinkirinta zai jawo a nesa. Shi ya sa ba a yanke wa harsashi hukunci a nisan da ba a nan za a yi aiki da shi ba. Bambancin saurin ƙafa 50 a daƙiƙa ba a ko ganinsa a yadi 100, amma a yadi 600 yakan kai inci 6.

Ita rawar kuma katako yana da hannu a ciki. An tsara Lamba 4 ta yadda katakon da ke ƙarƙashin bututu zai tokare shi sama da ƙarfin 'yan fam kaɗan a kusa da baki. Katako yana kumbura da laima, yana tsukewa da fari, yana kuma lotsewa da tsufa. In ya saki, ko babban kusar gaban kunama ya kwance, babu harsashin da zai yi kyau. Mutum yakan ɓata wata shida da ƙwaya ɗari biyar yana neman awon albarushi, alhali ciwon yana ga kusa guda.

Gwaji, da Yadda Yake Ruɗin Mai Yinsa

Hanyar gwaji a baki mai sauƙi ce. A sauya abu ɗaya kawai a lokaci ɗaya, a bar sauran yadda suke, a ɗora bindiga a kan buhun yashi, a bar bututu ya huce tsakanin harbi, a rubuta kome a littafi, har da zafin rana da iska. Wani maharbi Ba'amurke, Creighton Audette, ya shahara da dabarar da ake kira tsani: a haɗa harsashi kamar 20, kowanne ya ɗara na bayansa albarushi kaɗan, a harba su bi da bi a allo ɗaya daga yadi 300. Hudojin za su riƙa hawa, amma a wani wuri uku ko huɗu za su taru. Aka ce nan ne bakin bututu ke lafawa, sai a zaɓi awon tsakiya. Bayan an tsai da albarushi sai a koma ga zurfin da ƙwaya ke nutsewa a wuyan kwanso, ko da yake a wannan bindiga tsawon gidan harsashi ya ƙayyade abin, ga kuma maƙogwaro mai nisa wanda ƙwaya ba ta cika kaiwa ba.

Matsalar tana ga ƙidaya. Tun 1964 wani masanin lissafi na sojan Amurka, Frank Grubbs, ya buga ɗan littafi a kan yadda ake auna taruwar harbi, kuma abin da lissafin ya nuna bai yi wa masu sana'ar daɗi ba. Girman gungu yana ƙaruwa da yawan harbi ko da ba a sauya kome ba: gungun harbi 5 ya fi na 3 da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, na 10 kuma ya fi na 3 da fiye da rabi. Har ila yau, harsashi iri ɗaya a bindiga ɗaya, wanda matsakaicin gungunsa na harbi 5 inci 2 ne, yau zai ba da inci 1 da kwata, gobe ya ba da kusan 3, ba tare da wani dalili ba sai sa'a. To, wanda ya haɗa awo shida, ya harba uku-uku, ya ga ɗaya ya tara su kamar a rufe da kwabo, me ya gano? Sau da yawa bai gano kome ba, caca ya ci. Sai ya yanke takardar ya sa a aljihu yana nuna wa abokai, munanan kuwa ya ce hannunsa ne ya motsa.

A 2022 masanan kamfanin Hornady suka bayyana sakamakon gwaje-gwajensu na gungu mai harbi 20 da 30 har 50. Suka ce a bindigogin zamani masu kaurin bututu, yawancin bambancin da ake gani tsakanin awo da awo yakan ɓace in harbin ya yi yawa, abin da ke sauya sakamako da gaske shi ne sauya irin ƙwaya ko irin albarushi. Maganar ta ta da ƙura, domin ta taɓa abin da mutane suka yi shekaru suna taƙama da shi. Ba za a ɗauke ta kai tsaye a ɗora wa Lee-Enfield ba, tun da rawar siririn bututunta ta fi ta waɗancan. Amma hukuncin ƙidaya ya hau kanta ita ma: tsanin Audette harbi ɗaya ne ga kowane awo, kuma in aka maimaita shi washegari ba lalle ne hudojin su taru a inda suka taru jiya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba manyan abubuwa ƙarfi, watau kaurin ƙwaya da siffar gindinta da zaman katako, domin bambancinsu yana da girman da za a gan shi da harbi 10. Ƙananan kuwa, kamar ƙarin rabin giren, sai an yi harbi 20 ko 30 ga kowanne kafin a buɗe baki. Na'urar auna saurin ƙwaya ta sauƙaƙa wani sashe na aikin. Wadda kamfanin Garmin ya fitar a 2023 ba ta fi tafin hannu ba, kuma tana nuna wa mutum in saurinsa ya zarce na littafi, wanda alama ce ta matsi da ta fi duban hula gaskiya.

Wannan tsanani yana da dalili a wajen mafarauci. Lamba 4 mai lafiya da harsashin soja galibi inci 3 zuwa 4 take tarawa a yadi 100, da harsashin da aka dace da ita kuwa takan sauko zuwa 2, wani lokaci ƙasa da haka. Mutumin da ya yarda da takardar aljihunsa cewa bindigarsa inci ɗaya take yi, zai ɗaga ta ga barewa a yadi 300, ya same ta a ciki maimakon ƙirji, ta gudu ta mutu a daji bayan kwana biyu.

Ko an sami awon da ya dace, ba ya dawwama. Albarushi mai suna ɗaya yakan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan, don haka in an buɗe sabon gwangwani mai wata lambar zubi, akan ja baya kaɗan a sake hawa. Awon da aka gwada da sanyin Kanada yakan ƙara matsi a zafin Ostareliya. Maƙogwaro kuma yana ci gaba da zaizayewa da kowane harbi. Idan bututun ya ƙare sarai, akwai kamfanoni a Amurka da Jamus masu ƙera sabo domin Lamba 4, mai awo daidai da matsattsen mazauni. Wanda ya sa irin wannan, tsofaffin kwansonsa ba za su shiga ba, ƙwayar mai tsukakken gindi da bindigar ta ƙi a da tana iya zama ita ce abincinta, sai ya buɗe sabon shafi a littafinsa ya fara daga mafi ƙarancin awo.